Malamin Gona Ba Ofis

Shekara biyu ina koyon harshen ƙasa,
in damƙa, in murza, in shinshina,
in ce wannan ta yi tsami, waccan yunwa take ji.
Suka ba ni takarda mai jan hatimi,
na sa ta a leda kada damina ta taɓa.

Na hau bene da ita a sakateriya
sau bakwai, har masinja ya gane takalmina.
"Babu gurbi, Sallau. Bar lambarka."
Na bari.
Lambar tana can, ta riga ni samun wurin zama.

Wani kamfanin taki a hanyar Bukuru
ya ce sai mai gogewar shekara biyar.
Na ce, a wace rumfa ake sayar da ita,
in ci bashi in saya?
Ba wanda ya yi dariya.

Sai Farin Gada. Asuba, sanyi na cizon kunne,
ina sauke kabeji daga bayan a-kori-kura,
kafaɗa na koyon darasin da ba a yi mana a aji ba.
Dalyop, wanda ya fi mu maki, yana jan keke ta Taminus.
Nanret ta koma kitso.
Dukanmu mun san sunan ciwon tumatir da bakin boko,
ba mai tambaya.

Ran nan Ngo Kaneng ta zo da dankali rabin buhu,
ita da ke cika mota.
Dillali ya yanka ɗaya, ciki ya yi tsatsa.
Ganyen da ta toshe bakin buhun da shi
gefensa baƙi, kamar wuta ta lasa.
Na juya bayansa, ga fari-fari kamar furfura.
Bakina ya riga ni:
"Mama, ba sammu ba ne.
Sanyi ne da laima, kuma shukar ta matse, ba ta shan iska."

Ta dube ni daga silifas har hula.
"Ɗan dako ne ko likita?"
Na ce, "Yau dai ɗan dako."

Asabar na bi ta can bayan Kuru,
inda tsohon ramin kuza ya cika da koren ruwa.
Muka tuge masu ciwon, muka binne nesa da kunya.
Na nuna wa jikanta awo, murfi nawa a tankin feshi,
ya rufe hanci, ya ba iska baya,
kada ya fesa in hadari ya haɗo.
Na ce irin bana kada ya koma ƙasa baɗi.
Nan ta yi shiru.
Iri kuɗi ne, na sani.

Ladana gwate mai zafi, acca mudu biyu, kuɗin mota.

Mako uku, waya ta yi ƙara.
Ba sakateriya ba ce.
Da Chollom ne, maƙwabcinta, karas ɗinsa na tsagewa.
Sai mai latas a Lamingo.
Sai matan noman rani, su goma sha ɗaya,
za su haɗa ɗari biyar-biyar duk wata
in zan riƙa leƙo su.

Ban ce na samu aiki ba.
Inna, in an tambaye ta, cewa take,
"Yana nan, yana bin gonakin mutane."
Wani watan ya ciyar, wani watan in koma buhu.
Ba albashi, ba fansho,
takardar na ƙarƙashin katifa, ledar ta fara tsagewa.
In aka buɗe ɗauka gobe, zan hau benen na takwas,
ba zan yi muku ƙarya ba.

Jiya Dalyop ya kai ni Lamingo, ya ƙi karɓar kuɗi.
Ya bar keken a bakin titi, ya biyo ni,
ya tsuguna gefen kunya,
ya damƙi ƙasa, ya murza, ya kai hanci.
"Ta yi tsami," ya ce.
Can sama fasinja biyu sun gaji da jira,
ɗaya ya miƙa hannu yana danna masa hon.